DAVID EDWARD HUGHES: MAKAƊIN DA YA BA DUNIYA MAKIRUFO KYAUTA

GABATARWA

A wannan zamani da wuya a yi wani taro na jama'a, ko na wa'azi ne ko na siyasa ko na biki, ba tare da an kafa makirufo da lasifika ba. Mai magana yakan matso da bakinsa kusa da ɗan ƙarfen nan, ya yi magana a hankali, sai ga muryarsa ta game fili. Haka kuma makaɗin jita yakan liƙa wata 'yar na'ura a jikin kayan kiɗansa, amon tsirkiya ɗaya ya cika dandali. Mutane da yawa ne suka sa hannu kafin abin ya kai ga haka, amma akwai guda ɗaya daga cikinsu wanda tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa, watau David Edward Hughes. Shi makaɗi ne tun asali. Ya yi arziki da na'urar tangaraho, ya bayyana wa masana sirrin makirufon gawayi, ya ƙi karɓar ko anini a kansa, sa'an nan ya riga kowa jin saƙon da ya ratsa iska ba waya, amma manyan masana na zamaninsa suka sa ya binne wannan bincike har shekara ashirin.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Hughes a ƙasar Birtaniya wajen shekarar 1830, a wani gida na mutanen Wales waɗanda kiɗa ne sana'arsu. Mahaifinsa yakan zaga da 'ya'yansa gari gari suna wasa a gaban jama'a, kuma wansa mai suna Joseph ya yi suna tun yana yaro wajen kaɗa garayar nan ta Turawa mai tsirkiya da yawa. David yana ƙarami ƙwarai iyalin suka ƙetare teku zuwa Amurka, suka ci gaba da sana'arsu a can. A shekarar 1841 Joseph ya nutse a kogin Hudson. Bayan wannan rashi iyalin suka koma jihar Birjiniya da zama.

A nan ne David ya girma, kunnensa ya goge da bambance amo, hannunsa kuma ya saba da haɗa ƙananan abubuwa. A shekarar 1850, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, aka ɗauke shi malamin kiɗa a wata kwaleji a garin Bardstown na jihar Kentaki. Ba a daɗe ba aka ga yana da basira a fannin kimiyya, aka haɗa masa da koyar da ita. Wannan gamin gambiza na kiɗa da kimiyya shi ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin duk abin da ya ƙago daga baya, in aka duba da kyau, za a tarar da kunnen makaɗi a cikinsa.

TANGARAHO MAI BUGA HARUFFA

A wancan lokaci tangarahon Morse ne ake yayi. Ana aika saƙo ne da ɗigo da ja, sai wanda ya ƙware ya saurara ko ya duba, ya mai da su haruffa. Hughes ya yi tunanin na'urar da za ta buga harafin kansa a kan takarda, yadda kowa zai iya karantawa. Ya ajiye aikin koyarwa a shekarar 1854 ya duƙufa a kan wannan, kuma a shekarar 1855 na'urar ta kammala.

Fasalinta ya nuna asalin mai ita. Wurin aika saƙon an yi shi ne kamar piyano, da maɓallai 28, farare da baƙaƙe, kowanne da harafinsa. A tashar karɓa akwai wata 'yar ƙafa mai juyawa wadda aka jera haruffa a gefenta, a tashar aikawa kuma akwai abin da ke juyawa daidai da ita, ba ya wuce ta, ba ta wuce shi. Idan aka danna maɓalli, wutar lantarki takan tafi a daidai lokacin da harafin nan ya iso saitin takarda, sai maganaɗisu ya tura takardar ta taɓa shi. Saboda haka bugu ɗaya na wuta ya isa harafi ɗaya, alhali a tsarin Morse harafi guda yakan ci bugu har huɗu. Wahalar abin duk tana wajen daidaita gudun tashoshin biyu, kuma a nan ya yi amfani da wani ƙarfe mai karkarwa a kan ƙa'ida, irin yadda makaɗa biyu suke riƙe taki ɗaya.

Wani kamfani a Amurka ya karɓi na'urar ya yi gasa da ita. A shekarar 1857 Hughes ya koma Ingila da ita, amma kamfanonin can ba su nuna sha'awa ba. Sai ya haye Faransa, inda gwamnati ta gwada ta, ta karɓa, har Sarki Napoleon na Uku ya ba shi lambar girma. Daga nan ta bazu zuwa Italiya da Rasha da Jamus da Ostiriya da Turkiyya, kuma an ci gaba da aiki da ita a Turai har cikin shekarun 1930. Ya shafe shekaru yana yawo tsakanin manyan biranen Turai yana kafa ta yana koyar da ma'aikata. Ko da ya dawo ya zauna a Landan, ya riga ya zama mai dukiya, ba ya bukatar aikin kowa.

YADDA YA GANO SIRRIN MAKIRUFO

A shekarar 1876 Alexander Graham Bell ya fito da wayar tarho. Abin mamaki ce, amma tana da rauni babba. A na'urar Bell murya ce take kaɗa wani siririn faifan ƙarfe a gaban maganaɗisu, wannan kaɗawa kuma ita ce take haifar da wutar da ke bin waya. Watau ƙarfin muryar mai magana shi kaɗai ne jarin tafiyar, ga shi kuwa ƙarfin murya ɗan kaɗan ne. Da zarar waya ta yi tsawo sai magana ta dusashe.

Hughes ya ɗauki na'urar Bell a matsayin kunne, ya shiga gwaje-gwaje a ɗakinsa da tarkacen da kowa zai iya samu: ƙusoshi, da guntayen gawayi, da akwatunan katako, da kakin liƙe wasiƙa, da batir na haɗin gida. Ya lura cewa idan akwai wurin da waya ba ta haɗu sosai ba, tana taɓawa sama sama, to, kowace girgiza da ta shafi wurin ana jin ta a tarho. Abin da ma'aikatan waya suke ɗauka aibi ne, shi sai ya gan shi ƙofa. Ya ajiye ƙusa biyu a jere a kan allo, ba su taɓa juna ba, ya sada kowacce da waya, ya gicciya ta uku a kansu. Da aka yi magana kusa da su, sai ga maganar ta fito a tarho. Daga nan ya koma ga gawayi, domin shi ba ya tsatsa. Ya fiƙe wani ɗan sandan gawayi kai da gindi kamar fensir, ya tsai da shi sako-sako tsakanin dunƙulen gawayi biyu masu 'yan ramuka, ya kafa su a jikin siririn allo.

Bayanin aikin abin shi ne kamar haka. Amo ba kome ba ne illa girgiza da ke ratsa iska ko katako ko wani jiki. Idan girgizar ta iso wurin da gawayi ya taɓa gawayi, takan matse su, ta sake, ta matse, ta sake, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Sa'ad da suka matsu, wuraren da suke haɗuwa sukan ƙaru, wutar batir ta wuce da yawa. Sa'ad da suka saki, sai hanyar ta ƙuntata, wutar ta ragu. Ta haka wutar da ke bin waya takan ɗauki siffar amon daidai wa daida, tana hawa tana sauka tare da shi, tarho kuma ya mai da ita amo a ɗaya gefen. Misalin abin kamar mai ban ruwa ne a lambu. Ba shi ne yake tura ruwan ba, iyakarsa ya buɗe bakin kwari ko ya toshe, ruwan kuwa da ƙarfinsa yake zuwa. To, murya ita ce mai ban ruwan, batir shi ne rafin. Wannan ne ya sa ƙaramin motsi yake iya fitowa da ƙara mai yawa, har aka riƙa sa ƙuda a cikin ɗan akwati a kan allon, mutane suna jin takunsa a tarho.

Kalmar da aka samo makirufo daga gare ta haɗin kalmomin Girkanci biyu ce, ɗaya tana nufin ƙarami, ɗaya tana nufin amo. Charles Wheatstone ya riga ya yi amfani da ita a shekarar 1827 ga wata na'urar saurare wadda ba ta da alaƙa da lantarki. Hughes ya farfaɗo da ita ya raɗa wa tasa, domin a ganinsa abin da madubin likita yake yi wa ido, shi wannan take yi wa kunne. A watan Mayu na shekarar 1878 aka gabatar da binciken a gaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, wadda ake kira Royal Society. Bai yi rajistar mallakar na'urar ba. Ya buga bayaninta a fili, ya bar wa duk mai so ya ɗauka ya inganta.

RIGIMARSA DA EDISON

Kyautar ba ta hana shi shan zargi ba. A Amurka, Thomas Edison da Emile Berliner kowannensu ya riga ya shiga aiki a kan irin wannan matsala tun shekarar 1877. Edison yana amfani da wani ɗan ƙwallon baƙin fitila da aka danne, kuma ya taɓa bayyana wa William Preece, babban injiniyan lantarki na gidan wayar Ingila, wani abu na aikin. Shi kuwa Preece abokin Hughes ne, yana cikin masu yayata makirufonsa. Da labari ya kai wa Edison, sai ya fito a jaridu ya zargi mutanen biyu da cin amana da satar fasaha. Maganar ta yi zafi har sai da William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya sa baki, ya nuna cewa zargin ba shi da tushe, kuma bai kamata a yi shi ba tun kafin a bincika.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, mutanen uku kowa ya bi hanyarsa ya iso kusa da wuri ɗaya. Edison da Berliner sun nemi abin da za a sayar wa kamfanin tarho, suka yi rajista, aka yi shekaru ana shari'a a kan haƙƙinsu. Hughes kuwa ya nuna inda sirrin yake, watau a wurin haɗuwa sako-sako, kuma da yake bai killace bayanin ba, masu ƙira da yawa suka ɗora a kai. A cikin wannan shekara ta 1878 wani limamin coci a Ingila, Henry Hunnings, ya maye gurbin sandan gawayin da garin gawayi mai tsaki-tsaki, domin wuraren haɗuwar su yawaita. Irin wannan makirufo na tsakin gawayi shi ne ya zauna a bakin wayar tarho ta duniya kusan shekara ɗari, har cikin shekarun 1980, kuma da makirufon gawayi gidajen rediyo na farko suka soma watsa shirye-shirye a shekarun 1920.

SAƘON DA YA RATSA ISKA

A shekarar 1879 Hughes ya ƙera wata na'ura, ma'aunin maganaɗisu mai naɗin waya, wanda yakan yi shiru idan ɓangarorinsa sun daidaita, ya yi ƙara a tarho idan ƙarfe ya kusance shi. Wannan shi ne kakan na'urorin binciken ƙarfe da ake gani a filayen jirgin sama. Sa'ad da aka harbi Shugaba James Garfield na Amurka a shekarar 1881, Bell ya yi amfani da irin wannan ma'auni don neman harsashin a jikinsa, amma bai dace ba. Gadon da shugaban yake kwance a kai yana da ƙarfe, kuma an taƙaita binciken a gefen da ba can harsashin yake ba.

Yana cikin aiki da ma'aunin ne ya lura da wani abin al'ajabi. Duk sa'ad da tartsatsin wuta ya tashi a wata mahaɗa da ta saki, sai ya ji ƙas a tarhon da ke haɗe da makirufo, alhali babu waya tsakaninsu. Ya sa na'ura mai aiki kamar agogo ta riƙa ta da tartsatsi a ɗakinsa, ya ɗauki makirufo da tarho ya fita yana tafiya a titin Great Portland, yana jin bugun har nisan yadi 500. Ya yi imani cewa wata irin igiyar lantarki ce take ratsa iska.

A ranar 20 ga Fabrairu, 1880, manyan Royal Society uku suka zo gidansa: shugabanta William Spottiswoode, da Thomas Huxley, da George Stokes. Suka ga gwajin, suka ji bugun. Amma Stokes, wanda ya fi su zurfi a lissafi, ya yanke cewa ba wani sabon abu ba ne, jan maganaɗisu ne kawai irin wanda aka riga aka sani tun zamanin Faraday. Hughes mutumin gwaji ne, ba shi da lissafin da zai kare kansa da shi, kuma James Clerk Maxwell, wanda nazarinsa ya yi hasashen irin wannan igiya, ya rasu watanni kaɗan kafin ranar. Gwiwarsa ta yi sanyi, ya ƙi buga kome, ya bar abin a cikin littattafan ajiyarsa.

A shekarun 1887 da 1888 Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da samuwar igiyar da hujjojin da ba su da ja. A shekarar 1896 Guglielmo Marconi ya iso Ingila da na'urarsa ta aika saƙo ba waya, kuma Preece ɗin nan ne ya tsaya masa. Sai a shekarar 1899, da wani marubucin tarihin tangaraho mai suna J. J. Fahie ya tuntuɓe shi, Hughes ya ba da labarin abin da ya faru. Ko a nan ma bai nemi a ƙwace wa kowa suna ba. Ya bar girman ga Hertz, domin shi ne ya kafa hujja ya kuma buga.

ƘARSHEN RAYUWARSA

An zaɓe shi ɗan Royal Society a shekarar 1880, ta ba shi lambarta ta sarauta a 1885, ya kuma shugabanci ƙungiyar injiniyoyin tangaraho ta Ingila a 1886. Duk da dukiyarsa, zaman talaka ya yi, shi da matarsa Anna, a gida madaidaici cike da tarkacen gwaji. Ya rasu a Landan ranar 22 ga Janairu, 1900, aka binne shi a maƙabartar Highgate. Ya bar dukiya ta fiye da fam 400,000, kuma ya yi wasiyya da mafi yawanta ga asibitoci huɗu na Landan. Wani kaso ya tafi ga ƙungiyoyin kimiyya, da shi ne aka kafa lambar yabo mai sunansa. J. J. Thomson ne ya fara samun ta a shekarar 1902, Bell kuma ya same ta a 1913. Kayan gwajinsa suna ajiye a Gidan Tarihin Kimiyya na Landan.

DAGA MAKIRUFON GAWAYI ZUWA MAƊAUKIN AMON JITA

Gawayi ya isa magana, amma bai isa kiɗa ba, domin yana da shuu a cikinsa, kuma ba ya ɗaukar amo mai kauri sosai ko mai kaifi sosai. A shekarun 1920 wasu makaɗa sun gwada liƙa makirufon gawayi na tarho a jikin jita da goge na Turawa, amma sakamakon bai gamsar ba. Da aka sami na'urar ƙara ƙarfin amo, sai bukatar batir da gawayi ta ragu, aka koma neman tsabtar sauti. A shekarar 1916 E. C. Wente ya ƙera makirufon da ke da siririn faifai a gaban wani faranti, dukansu ɗauke da cajin lantarki, yadda kusantar juna da nisantar junansu ke sauya wutar. Akwai kuma mai naɗin waya da ke rawa a cikin maganaɗisu, wanda shi ne aka fi gani a hannun mawaƙa da masu wa'azi saboda jurewarsa. A shekarar 1962 Gerhard Sessler da James West suka fito da wani mai riƙe cajinsa da kansa, ƙarami mai araha.

Jita mai ƙoƙo kuwa tana da tata matsala. Tsirkiya siririya ce, ba ta iya tura iska da yawa. Jakin da ta hau kansa shi yake kai girgizarta ga allon fuskar jitar, allon da ƙoƙon su tura iska, kamar yadda fatar gurmi da ƙoƙonsa suke yi. Saboda haka akwai wurare uku da za a iya tare amon. Na farko a iska, da makirufo a gaban jitar. Wannan ya fi kama da abin da kunne ke ji, sai dai yakan kwaso hayaniyar wuri, kuma idan amon lasifika ya komo cikinsa sai a ji kuwwa mai tsinka kunne. Na biyu a tsirkiya, da maɗaukin amo na maganaɗisu da ake gicciyawa a bakin ramin jitar. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, takan motsa ƙarfin maganaɗisun, wuta ta taso a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Faraday ya gano a 1831, wadda ita ce kuma ta tarhon Bell. George Beauchamp ne ya fito da irin wannan a farkon shekarun 1930, kuma ba ya jin tsirkiyar roba sam. Na uku a jikin katakon, da wani abu mai kama da lu'ulu'u wanda yake fitar da wuta idan an matse shi, halin da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Akan shimfiɗa shi a ƙarƙashin jakin tsirkiya ko a manna shi a cikin allon fuska. Yana aiki da kowace irin tsirkiya, amma wutarsa tana bukatar 'yar na'urar da za ta daidaita ta kafin ta tafi lasifika, amonsa kuma yakan ɗan yi tsauri, shi ya sa wasu suke gama shi da ƙaramin makirufo a cikin ƙoƙon.

Wannan hanya ta uku ita ce ta fi kusa da allon Hughes. Takun ƙudan nan ba ta iska ya kai ga gawayi ba, ta katako ya bi, kuma matsi ne aka mai da shi wuta. Abin da aka sauya shi ne gawayin, dabarar sauraron jikin katako kuwa tana nan.

KAMMALAWA

Rayuwar Hughes ta tsaya a kan al'amura biyu masu kama da juna a fuska, amma sun sha bamban a sakamako. A shekarar 1878 ya buga bincikensa ya ƙi killace shi, duniya ta amfana nan take, sunansa kuma ya tabbata duk da zargin da ya sha. A shekarar 1880 ya ji nauyin manya ya yi shiru, ilmin ya kwanta a cikin akwati har wani ya sake gano shi bayan shekara takwas. Rashin kwaɗayinsa bai rage shi da kome ba, domin ya rasu da dukiya da mutunci. Shirun da ya yi ne ya jawo hasara, gare shi da kuma ga kimiyya. Da ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ko da ba tare da cikakken bayani ba, da wani mai lissafi ya ɗauka ya ƙarasa. Stokes ya fi shi ilmi, wannan ba a musu, amma a ranar 20 ga Fabrairun nan makaɗin ne yake da gaskiya.